Korau Mai Kama Hayaƙi a Kwarin Rijiya Bakwai

Da sunan Allah wanda ya halicci iska ya sake ta ba linzami, ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya tsaga wa ɗan Adam baki bai sa masa ƙyaure ba. Bayan haka, mai kunne ya matso. Ni ne Korau ɗan Jatau, mutumin Gangaren Kuka, wanda ya ƙetare hamada uku da takalmi ɗaya, wanda ya kama hayaƙi da hannu ya ɗaure shi ya tura shi ƙarƙashin ƙasa, wanda manyan masana suka miƙe tsaye don ya sami wurin zama. Tun da aka yanke mini cibiya ba a taɓa yi mini tambayar da ta fi ƙarfina ba.

Haka nake buɗe labarin idan ina teburin mai shayi. Yau kuwa takarda ce a gabana, ita ba ta dariya, ba ta kuma saya wa mutum shayi, saboda haka bari in rage. Hamadar ɗaya ce, a bayan raƙumin wani na ƙetare ta. Karatuna aji uku ne, ana shiga na huɗu aka sallame ni saboda kwaɗon da aka samu a aljihun malami. Hayaƙin da na sani kuma shi ne wanda ake turawa ramin gafiya: a cusa ƙaiƙayi, a sa wuta, a yi fifita, a koma ɗaya bakin ramin a tsaya da sanda. Sana'ata ke nan har na shekara arba'in da huɗu.

Abin da ya fitar da ni gida ba wani abin alfahari ba ne. Ranar wani suna na ɗinke gefen babbar rigar mai unguwa da tabarmar da yake zaune a kai. Da ya miƙe zai yi addu'a, tabarma ta bi shi har tsakiyar fili. Gari ya yi dariya, mai unguwa bai yi ba. Washegari matata ta ɗaure mini ƙunshin guzuri ta ce, "Malam, furfura ta fara fito maka, wasa bai fara barinka ba. Je ka nemo wani ilimi ko wata sana'a da za a kira ka da ita a gaban mutane." Na ɗauka ba'a take yi. Da na ga ta haɗa har da takalmina na salla, na san magana ta zauna.

Na yi gabas. Bayan kwana arba'in na faɗa wata ƙasa da ban taɓa jin labarinta ba, inda na tarar da gari guda na masunta suna zaune cikin kwalekwale a kan busasshiyar laka. A ciki suke girki, a ciki suke kwana, komarsu a rataye tana ruɓewa, ba ruwa ko na wanke ido iyakar ganin mutum. Na tambayi wata mata mai gyaran koma, "Baiwar Allah, ina tafkin?"

Ta ce, "Ya tafi tun ina goyon fari. Sama ce ta yafa bargo, zafi ya shiga ba ya fita, hadari ya daina sanin hanyarmu."

"Wa ya saƙa mata bargon?"

Ta nuna arewa da allurarta. "Mutanen Birnin Zugazugi. An ce yanzu su ne kuma suke ƙoƙarin warware shi."

Kwana tara ya kai ni birnin. Tun daga nesa na hango bututayen hayaƙi sun fi rimi tsawo, ɗaruruwa, a kan gidajen narka ƙarfe da na dafa siminti. Abin mamaki, ana jin rurin wuta har ƙasa na rawa, amma bakin bututayen fes, sai ɗan tururi. A ƙofar gari na tarar da layi. Mai gadi yana tambayar kowa sana'arsa, wanda ba shi da ita a juya shi ya koma inda ya fito. Mutumin da ke gabana ya ce, "Mai kama hayaƙi." Nan take mai gadi ya ƙame ya buɗe masa hanya. Da aka zo kaina, na tuna kwana arba'in da taran da ke bayana, na tuna gafiya, na ce a raina ai ba ƙarya ce gaba ɗaya ba.

Na ce, "Mai kama hayaƙi. Babba."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta jawo mini komai. Ba a bar ni na sha ko ruwa ba aka kai ni gaban Sarkin Hasumiya, wani gajeren dattijo mai tabarau ana ce masa Barmo, wanda duk aikin kama hayaƙin birnin ke hannunsa. Ya dube ni tun daga hula har faso, ya sa aka jera tuluna uku a rufe.

Ya ce, "Malam baƙo, biyu iskar Allah ce ta kowa a cikinsu. Ɗaya cike yake da iskar gawayi, wadda masu boko ke ce wa kabon. Ka sani ba ta da launi, ba ta da wari. Nuna mana shi."

Ban san komai game da iska ba. To amma ni ilimina na fuska ne. Na shekara talatin ina ɓoye wa mutane kaya, na san duk wanda ya ajiye abu jikinsa na gadinsa ko bai so ba. Sai na shiga zagaya tulunan ina ƙunƙuni kamar mai karatu, na taka gefen rigata da gangan na yi tangaɗi kan na farko. Ba wanda ya motsa. Na sake yin tuntuɓe wajen na uku. Shiru. Da na karkata kan na tsakiya, sai na ga hannun Barmo ya ɗaga daga gwiwarsa.

Na ce, "Wannan ne, ranka ya daɗe. Tun daga ƙofa na ji shi."

Aka yi tafi. Barmo ya kunna kyandir ya dasa shi a ƙasa, ya buɗe tulun ya karkata shi kamar mai zuba ruwa. Ba abin da ya fito da ido ke gani, amma wutar ta mutu murus. Na yi murmushin wanda ya saba.

Ya kama hannuna ya zaga da ni, yana bayani yana cewa "kai ai ka sani," ni kuma ina cewa "haka muke yi a can." Na ga yadda ake tare hayaƙin kafin ya fita, a tura shi ta gindin wata hasumiya, wani ruwan magani yana zubowa daga sama kamar yayyafi. Ruwan ya haɗiye iskar gawayin ya bar saura ya wuce. A kai ruwan wata babbar tukunya a dafa, ya amayar da abin da ya haɗiya, a mayar da shi hasumiya ya ci gaba da aiki. Ita kuma iskar a matse ta da injuna har ta yi kauri tana gudu cikin bututu. Wani reshen ya nufi lambunan gilashi, inda na ga tumatir kamar kan jariri. Wani ya nufi wurin masu buga bulo, iskar ta shiga jikin bulon ta daskare a ciki, ya yi taurin da na buga da ƙafa na yi da-na-sani. Wani siriri ya tafi gidan lemon kwalba, ita ce mai tsartuwar nan da ke hawa hanci.

Na ce, "Ashe har sha ake yi."

Ya ce, "Ana sha, a yi gyatsa, ta koma sama. Wannan ba ajiya ba ce, aro ne." Ya tsaya gaban wani bututu da ya fi duk sauran kauri, wanda ya fita bayan gari ya gangara yamma. "Duk abin da lambu da bulo da lemo ke ci bai kai loma ɗaya cikin akushi ba. Saura nan yake bi. Kakanninmu sun ɗauka sama bola ce da ba ta cika. Da ta cika, a kan wasu ta zube, mutanen da ko ƙusa ba su taɓa narkawa ba. Kamawa da wuya, Malam Korau, amma an iya. Ajiyewar ce ke hana ni barci, don ajiya ce ta shekara dubu, mu masu ajiyar kuwa ba mai kai ɗari."

Can ya tura ni, Kwarin Rijiya Bakwai, tafiyar yini guda. Rijiyoyin ba na ɗiban ruwa ba ne, na zubawa ne. Kowace ta huda ƙasa zurfin da in ka jefa dutse sai ka gaji da saurare, ta ratsa wani shimfiɗaɗɗen dutse mai tauri wanda shi ne murfi, ta isa wani dutsen mai ƙofofi kamar soso, cike da ruwan gishiri. Nan ake tura iskar ta zauna, an ce da daɗewa ita ma dutse take zama. Dutsen ƙasa bai taɓa ba su kunya ba. Abin tsoron shi ne bakin rijiyoyin, aikin hannun mutum, inda siminti kan tsage iskar ta sulalo. Da yake ta fi iskar kowa nauyi, ba ta tashi, sai ta bi gangare kamar ruwa ta kwanta a wuri mafi zurfi. Wuri mafi zurfi a kwarin kuwa shi ne ramin yumɓu, inda maginan tukwane ke sauka kullum da safe.

Saboda haka suke da al'ada. Ba mai sa ƙafa a tsanin ramin sai mai gwaji ya zagaya. Yana ɗauke da kwalba mai ruwan gwaji da ɗan zugazugi mai dogon bututu. Ya zura bututun ƙasan rami, ya zuƙo iskar can, ya tura ta cikin kwalbar sau bakwai. In ruwan ya tsaya fes, ya hau wani dutse ya yi kira, "Garau!" kowa ya sauka. In ya yi fari kamar an ɗiga nono, ya buga kuge, ƙarfen gargaɗi, ranar ba aiki, sai ma'aikatan rijiya sun nemo tsagar sun toshe.

Mai gwajin wata tsohuwa ce, Inna Ladingo, shekara talatin da ɗaya tana yi, har gwiwa ta hana ta zagaye. Gurbinta aka ba ni. Na same ta a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa, ta dube ni da ido ɗaya a kanne.

"Kai ne gwanin?"

"Ni ne, Inna."

"Gwanayen ƙasarku duk haka suke da ƙurar gawayi a farce?" Ta turo mini wani ɗan tulu da ƙafarta mai lafiya. "Ga ruwan gwaji, na kwana ashirin ne. In ya ƙare ka haɗa wani. Ai ka san haɗin."

"Haba Inna, ni da nake haɗa shi ido rufe."

"To nan ka riƙa buɗe idon, ɗan nan. Kada kuma ka yarda da fitila. Kafin fitila ta mutu a rami, mutum ya riga ya faɗi."

Masaukina gidan Baba Cindo ne, babban maginan kwarin, dattijo mai yatsa shida a hannun dama. Yakan ce na shidan ne ke gyara bakin tukunya, shi ya sa nasa suka fi na kowa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa na birni, ya ba ni ɗakin babban ɗansa, muna cin tuwo kwano ɗaya. Kwana uku da zuwana na sa masa kwaɗo cikin ɗanyar tukunya. Da ya zura hannu kwaɗon ya yi tsalle, sai ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ƙanena, shekara shida gidan nan ba a yi dariya ba. Gobe ka sa biyu." Bisa al'adarsu kuma, babban magini shi ke fara sauka ramin, saura su biyo. Wato kowace safiya, idan na buɗe baki a kan dutsen nan, ƙafar Baba Cindo ce ke fara taka maganata.

A kwana ashirin na farko sau huɗu ruwan ya yi fari, sau huɗu na buga kuge. Magina suka fara gunaguni. Na ji wani yana cewa, yadda zan ji, "Mun ɗauka gwani aka kawo mana, ashe Ladingo ce ta sa wando." Aka bushe da dariya. Ni da na saba a yi dariya da ni, yau ga shi ana yi a kaina.

Sai tulu ya ƙare.

Wallahi na tafi tambaya. Na wanke fuska na nufi gidan Inna Ladingo, ina ta shirya yadda zan ce haɗin ƙasarmu ya ɗan bambanta da nasu. Na tarar da mata biyar a wurinta suna ɓarar gyaɗa. Tana hango ni ta ce, "A ba gwani tabarma! Me ya kawo ka, ɗan nan?" Duk suka ɗago suna kallona. Na ji bakina yana cewa, "Gwiwa na zo dubawa, Inna." Na zauna na ba su labarin mai unguwa da tabarma, suka yi dariya har da hawaye, na tashi na tafi ban tambaya ba.

A gida na tsaya kan randar Baba Cindo. Na leƙa. Ruwan nan fes, ba abin da ya raba shi da na tulun a ido. Na ce na kwana ɗaya ne kawai, gobe in sami Inna ita kaɗai. Na cika kwalba.

Washegari na zura bututu, na tura sau bakwai, ruwa ya tsaya kamar idon zakara. Na hau dutse na ce, "Garau!" Aka sauka, aka haƙa, aka fito lafiya. Jibi ma haka. Gata ma haka. Kwana goma sha tara a jere ba a ji kuge a kwarin ba, abin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Wanda ya ce Ladingo ce ta sa wando ya kawo mini zakara. Mata suka sa sunana a waƙar daka. Baba Cindo ya cika tsakar gida da tukwane har ba wurin taka ƙafa, ya gina mini wata buta ta musamman mai zanen hasumiya a wuya, ya ce, "Ƙanena, hannunka da albarka. Iskar ma ta san an kawo mata ubangida."

Ina karɓar gaisuwa, amma na san abin da ke cikin kwalbata. Kullum sai in ce yau zan je wurin Inna, kullum kuma sai in ga tambayar ta fi ta jiya nauyi, don yanzu ba haɗin kaɗai zan tambaya ba, sai na faɗi abin da nake zubawa tun ranar da tulu ya ƙare. Sai na koma ga abin da ta hana ni. Nakan riga kowa isa, in zura fitila da igiya a ɓoye, in ga tana ci, in ce to ai shi ke nan.

Ranar ta ashirin, jajiberin kasuwa, na zura fitilar. Ba ta mutu ba, amma harshen ya tsuguna ya yi ja. Na leƙa sosai. Can ƙasa, gindin tsani, ga ƙadangaru biyu a kwance ba sa gyaɗa kai. Na daɗe ina kallonsu. Na ce wataƙila sanyin safiya ne. Kafin in gama lallashin kaina magina sun iso da kwanduna da diga, mutum goma sha huɗu, Baba Cindo a gaba yana tauna goro. Na tura iska cikin kwalba sau bakwai a gabansu. Me ruwan randa zai ce? Na hau dutse.

"Garau!"

Baba Cindo ya sauka. Ya kai ƙasa, ya ɗago mini hannu, ya sunkuya ya kai sara ɗaya, biyu. A na uku digar ta suɓuce. Ya dafa bango, ya yi taku biyu a karkace, ya zauna, ya kwanta a gefe a hankali kamar mai jin barci. Na san wannan tangaɗin. Sau dubu na gan shi a bakin ramin gafiya, ina tsaye da sanda ina murna.

Na yi ihu kada kowa ya sauka. Na fizgi igiyar kwando na ɗaura a ƙugu, na miƙa musu bakinta, na cika ƙirji da iska na toshe, na gangara. Ban san yadda na ɗaure shi ba. Na dai tuna kunnuwana na ƙara, idona na ganin taurari, da kuma nauyin dattijon a kafaɗata. Aka jawo mu tare kamar guga.

Ya daɗe bai motsa ba. Ana ta fifita, ana salati. Can ya ja wani dogon numfashi, ya yi amai, ya buɗe ido. Hannunsa na dama, mai yatsa shida, yana ta karkarwa, ya sa na hagu ya danne shi, ya ƙi tsayawa. Magina kuwa suka ɗaga ni sama suna kabbara. A duk rayuwata ba a taɓa yi mini hukuncin da ya kai wannan ɗagawar ba.

Da la'asar aka taru gindin tsamiyar bakin kwari, gari kaf. Labari ya kai birni ta waya, Barmo ya iso da kansa a mota. Ma'aikata sun sami tsaga a bakin rijiya ta biyar sun toshe. Barmo ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Tsaga ba sabon abu ba ce, don ita muka ajiye mai gwaji. Abin da nake so in sani, me ya sa ruwa bai gani ba? In ruwan nan na iya makancewa, to duk shekarun nan a kan banza muke tsaye. Sai in rufe rijiyoyin, in buɗe bututayen birni hayaƙi ya koma sama, ku kuma ku tashi daga kwarin." Ya juyo gare ni. "Malam Korau, sake gwada ramin yanzu."

Na je, mutane na biye da ni. Na zuƙo, na tura sau bakwai, na ɗaga kwalba. Fes.

Barmo ya ce, "To me ka ce? Gobe a sauka?"

Kafin in amsa, Baba Cindo ya sa aka tayar da shi zaune. Muryarsa a dishe ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya faru ƙaddara ce, wataƙila bayan gwaji iskar ta gangaro. Mutumin da ya shiga rami ya ɗauko ni a kafaɗa, in ya ce garau, gobe ni zan fara sauka kamar kullum."

Na so a ce a nan zan rubuta muku cewa na faɗi gaskiya. Ko aƙalla na yi shiru. Na dubi mutanen da suka ɗaga ni da safe, na dubi hannun nan yana karkarwa a kan cinya, na ji bakina ya ce, "Garau ne."

"A dakata."

Inna Ladingo ce, an kawo ta kan jaki. Aka sauke ta, ta zauna kan turmi, ta zaro wata kwalba daga ƙugunta da ɗan bututun gora. Ta ce, "Wannan jiya na haɗa shi, don hannu kada ya manta. Farar ƙasa ce aka ƙona, aka jiƙa, aka tace. Barmo, busa."

Sarkin Hasumiya ya karɓa ba musu, ya sa goran a baki ya busa. Ruwa ya yi ɓulɓul. Kafin ya ƙare numfashi biyu ya yi fari fat.

Ashe abin da na yi kwana arba'in ina farauta a rami yana cikin ƙirjin kowa.

Inna ta ce, ba ni take kallo ba, jama'a take kallo, "Duk mai rai yana fitar da ita. Shi ya sa mai gwaji, kafin ya tambayi rami, yakan ɗiba kaɗan ya busa, ya ga ko ruwansa a farke yake. Ranar farko ake koya wa mutum wannan. Ni ce da laifi, ban faɗa ba, na ga gwani aka kawo." Sannan ta miƙo mini goran. "Ɗan nan, busa naka."

"Inna, ai a ƙasarmu..."

"A ƙasarku ma ana numfashi. Busa."

Na zura goran cikin kwalbata. Na busa. Ruwa ya yi ɓulɓul, ya lafa, fes.

"Ƙara."

Na ƙara. Na busa har jijiyar wuyana ta tashi. Ana ganin fuskokin mutane ta cikin kwalbar, ƙanana, a kife. Wani daga baya ya ce, "Ko dai gwanin ba ya numfashi ne?" Magana ce da ta isa a yi mata dariya, da a wani wurin ne ni zan fara. Ba wanda ya yi.

Sai na ji muryar Baba Cindo, a hankali, ba faɗa a cikinta ko kaɗan.

"Ƙanena, ruwan randata ne?"

Na ci gaba da busawa, don muddin goran yana bakina ba sai na amsa ba.